Na tura fayil ɗin .env zuwa GitHub bisa kuskure: shin share shi ya wadatar?

Nura:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan uwana na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani kuskure da na tafka jiya da daddare. Mu uku ne muke gina manhajar sayar da kaya ta intanet da Django, wato tsarin gina shafukan intanet da harshen Python, kuma a lokacin da nake tura aikina zuwa GitHub, shafin da muke ajiye kod ɗinmu, sai na haɗa har da fayil ɗin .env da muke ajiye sirrikan manhajar, wanda a cikinsa akwai SECRET_KEY, wato mabuɗin da manhajar ke sa hannu da shi, da kalmar sirrin rumbun bayananmu, da mabuɗin kamfanin da ke karɓar mana kuɗi, da kuma mabuɗin AWS, sashen Amazon mai ba da hayar kwamfutoci ta intanet, wanda muke ɗora hotunan kaya da shi. Ma'ajiyar tamu a buɗe take ga kowa, domin haka muka bar ta tun muna gwaji, ba mu kuma waiwaye ta ba. Bayan kamar minti 40 na ankara, na share fayil ɗin, na sake turawa, sannan na rufe ma'ajiyar. Shin abin da na yi ya wadatar, ko da sauran aiki? Kuma a ina ya kamata mutane uku irinmu su riƙa ajiye waɗannan mabuɗai?

Malam Kabiru:
Wa'alaikumus salam, Nura. Bai wadatar ba, kuma ina roƙonka ka dakata da karanta sauran amsoshi har sai ka soke waɗannan mabuɗai huɗu ka fitar da sababbi. Git, manhajar da ke adana tarihin kod, ba ya mantuwa. Share fayil a wurinsa ƙarin shafi ne kawai a littafin tarihin aikin, tsohon shafin kuwa yana nan da duk abin da ke cikinsa, kuma duk wanda ya kwafi ma'ajiyar kafin ka rufe ta ya riga ya tafi da shi. Kada ka ɗauka sai wani ya zauna yana leƙen aikinka ne za a gan su. Masu kutse suna da manhajojin da ba su da aiki dare da rana sai bibiyar abin da ake turawa GitHub a fili, suna neman duk rubutu mai kama da mabuɗi, na AWS kuwa ba ya ɓuya tunda da haruffan AKIA yake farawa. A wurin irin waɗannan manhajoji minti 40 lokaci ne mai tsawo ƙwarai.

Ka fara da na AWS, domin da shi ne ake iya ci maka bashi cikin dare ɗaya, a kunna manyan na'urori da sunanka ana haƙar kuɗin kirifto, ƙarshen wata a miƙo maka lissafi da dala. Bayan ka soke shi ka buɗe CloudTrail, rajistar abin da aka yi a asusunka na AWS, ka ga ko an yi amfani da shi daga adireshin da ba ka sani ba, kuma ka duba dukkan yankunan AWS, ba wanda kuke aiki a cikinsa kaɗai ba. Sai na karɓar kuɗi, sai na rumbun bayanai, sannan SECRET_KEY.

Abdulhadi:
Malam Kabiru, ina da ja kaɗan, da fatan za a gyara mini idan na kauce. Akwai git filter-repo da BFG, waɗanda ke goge fayil daga tarihin gaba ɗaya kamar ba a taɓa tura shi ba. Idan Nura ya yi amfani da ɗaya daga cikinsu, ga shi kuma ya rufe ma'ajiyar, me zai sa ya jawo wa kansa wahalar sauya komai? Sauya SECRET_KEY zai fitar da duk abokan cinikin da ke cikin manhajar, sauya mabuɗin kuɗi kuma zai iya tsayar da ciniki na ɗan lokaci. A ganina sai a fara duba ko an taɓa wani abu tukuna.

Malama Sa'adatu:
Abdulhadi, ka ɗauka mabuɗin shagonka ya faɗi a tsakiyar kasuwa da hantsi, ka dawo bayan sallar azahar ka same shi a inda ya faɗi. Samunsa bai gaya maka ko wani ya ɗauka ya kai an yanka masa irinsa, sannan ya mayar da naka ba. Mai hankali kwaɗon yake sauyawa. Goge tarihi yana tsabtace ma'ajiyar da ke hannunka ne kawai, ba ya isa ga kwafin da ke kwamfutar wani, don haka aiki ne da ake yi bayan an soke mabuɗai, ba a madadin sokewar ba. Rashin ganin alamar kutse kuma ba shaida ba ce, domin akwai masu tara mabuɗai su ajiye, su sayar wa wasu bayan watanni.

A watan Oktoban 2022 kamfanin Toyota ya sanar cewa wani ɓangare na kod ɗin manhajarsa ta T-Connect ya zauna a fili a GitHub tun daga Disamban 2017 har zuwa Satumban 2022, da mabuɗin shiga sabar bayanai a cikinsa, lamarin da ya shafi adireshin imel na abokan ciniki kusan 296,000. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a sanarwar shi ne kamfanin bai iya tabbatar da cewa babu wanda ya shiga ba. Shi kansa GitHub, a watan Maris na 2023, da mabuɗinsa na SSH, wanda kwamfutoci ke tantance sabarsa da shi, ya bayyana na ɗan lokaci a wata ma'ajiya ta fili, sauya shi ya yi, duk da ya san masu amfani da shi a faɗin duniya za su ci karo da saƙon gargaɗi a kwamfutocinsu.

Game da fitar da abokan ciniki, gaskiya ne za su sake shiga, kuma hanyoyin sauya kalmar sirri da aka riga aka aika ta imel za su daina aiki. Amma kalmomin sirrinsu ba za su lalace ba, domin ba da SECRET_KEY ake adana su ba. Ina kuma jan kunnen Nura a kan abu guda. Tun daga Django 4.1 akwai SECRET_KEY_FALLBACKS, inda ake ajiye tsohon mabuɗi na ɗan lokaci domin kada a kori kowa yayin sauyi. Wannan na sauyin da aka shirya ne cikin lumana. Mabuɗin da ya fita fili ba a saka shi a can, domin yin haka yana nufin manhajar za ta ci gaba da amincewa da duk abin da ɓarawo ya sa wa hannu da shi.

Nura, akwai abin da ya ɗaure mini kai. Tun 2024 GitHub yake tare irin wannan turawa da kansa idan ya ga mabuɗin da ya gane a ma'ajiya ta fili. Yaya aka yi naka ya wuce?

Nura:
Malama, da kunya nake faɗa, amma ya tare ni. Na ɗauka mabuɗin gwaji ne na tuntuni, ga barci yana ɗibata, sai na bi hanyar da ya nuna mini na ba da izinin wucewa. Yanzu dai na soke dukkan huɗun. A CloudTrail na ga an gwada mabuɗin AWS daga adireshin da ba namu ba 'yan mintuna kaɗan bayan turawar, an tambayi ko na wane ne, an kuma nemi kunna na'ura amma aka hana, saboda izinin ɗora hotuna kaɗai muka ba shi. Jikina ya yi sanyi da na ga lokacin da aka rubuta a wurin. Saura tambayata ta biyu.

Abdulhadi:
To, na janye maganata.

Bashir:
A kan tambaya ta biyu, ban ga dalilin da zai sa a tsorata Nura da fayil ɗin .env ba, domin laifin ba na fayil ɗin ba ne. Ƙa'idar da Adam Wiggins na Heroku ya rubuta a 2011, wadda aka sani da Twelve-Factor, ta ce a raba kod da saitinsa, a bar manhaja ta karanci sirrinta daga muhallin sabar da take gudana a kai. Abin da ya rage kawai shi ne a rubuta sunan .env a cikin .gitignore, wato jerin fayilolin da Git ba zai tura ba, tun ranar farko, kafin ma a rubuta layin kod ɗaya, sannan a ajiye wani fayil mai suna .env.example wanda ke ɗauke da sunayen abubuwan da ake buƙata ba tare da ƙimarsu ba, domin sabon ma'aikaci ya san abin da zai cike. Ga mutane uku wannan ya isa.

Malama Sa'adatu:
Na yarda da rabin maganarka, Bashir. Fitar da sirri daga cikin kod wajibi ne, amma muhallin saba ba akwatin ƙarfe ba ne. Duk wani shiri da manhajarka ta kunna yana gadon abin da ke cikin muhallin, har da shirye-shiryen da ba kai ka rubuta ba. Abin da ya faru da Codecov, kamfanin auna gwajin kod, ke nan a 2021: masu kutse sun gurɓata ɗan rubutun da kamfanoni ke saukewa su gudanar a lokacin gwajin kod, shi kuwa ya riƙa kwashe duk bayanan muhalli yana aika musu, tun daga ƙarshen Janairu har zuwa farkon Afrilu kafin a gano. Waɗancan kamfanoni ba su tura sirrinsu GitHub ba, sun bi ƙa'ida, amma an kwashe shi.

Akwai kuma abin da nake yawan gani a wurin masu hayar ƙaramin gurbi a saba ta haɗaka, wato su zuba dukkan fayilolin manhaja a cikin public_html, babban fayil ɗin da ake nuna wa duk mai ziyartar shafin, har da .env. A irin wannan hali mutum zai iya rubuta adireshin shafinka, ya ƙara /.env a ƙarshe, burauza ta buɗe masa komai. Ba zato nake yi ba: a watan Janairun 2024 hukumomin FBI da CISA na Amurka sun fitar da gargaɗi a kan wata muguwar manhaja mai suna Androxgh0st, wadda ke yawo a intanet tana neman fayilolin .env na shafukan da aka gina da tsarin Laravel. Haka ma barin DEBUG, wato saitin nuna bayanan kuskure, a kunne a shafin da jama'a ke amfani da shi, inda kuskure ɗaya zai sa manhaja ta baje saitinta a gaban baƙo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma waɗannan tsagogin sun fi kutsen ƙwararru yawa nesa ba kusa ba.

Bashir:
Duk na ji, Malama, amma ina tsoron inda maganar za ta kai mu, wato a ce wa yara uku su kafa Vault, manhajar ajiye sirri ta kamfanin HashiCorp. Wanda ya kafa Vault ya ƙara wa kansa saba guda da zai riƙa kula da ita, ya sabunta ta, ya adana mabuɗan buɗe ta, kuma ranar da ta tsaya manhajarsa na iya kasa tashi. AWS Secrets Manager kuwa, ma'ajiyar sirri ta AWS, santi 40 na dala ne a wata a kan kowane sirri, kuɗin ba yawa a ido, amma duk wanda ya taɓa fama da katin banki wajen biyan dala daga nan ya san ba a ƙara irin wannan ɗawainiya sai da dalili. Idan dole sai an bar .env, gara su yi amfani da Parameter Store, wurin ajiye saiti da sirri na AWS, wanda matakinsa na farko kyauta ne tunda dama suna AWS, ko kuma SOPS, wanda ke kulle ƙimar da ke cikin fayil ta yadda za a iya ajiye shi a Git ba tare da an karanta ba.

Malam Kabiru:
Ina ganin ku biyun kuna jayayya ne a kan maɓoya, alhali labarin Nura ya riga ya nuna mana inda tsira take. Ba ɓoyo ne ya cece shi ba, tunda mabuɗin ya fita kuma an gwada shi. Abin da ya cece shi shi ne mabuɗin bai iya buɗe komai ba sai ɗakin hotuna. Shekarun da na yi a wannan aiki sun koya mini in ɗauka cewa kowane mabuɗi zai fita wata rana, ko ta GitHub, ko ta wayar da aka sace, ko ta hoton allon kwamfuta da wani ya tura neman taimako. Saboda haka tambayoyi biyu nake yi a kan kowanne: idan ya fita, me zai buɗe, kuma cikin minti nawa za mu iya sauya shi ba tare da mun tayar da wani daga barci ba?

Ku dubi abin da ya sami Uber a 2016. Ma'ajiyarsu ta GitHub ba a buɗe take ba, rufaffiya ce, amma masu kutse sun shiga, suka tarar da mabuɗin AWS a cikin kod, kuma da shi suka isa ga bayanan mutane miliyan 57, fasinjoji da direbobi. Kamfanin ya biya su dala 100,000, ya yi shiru har Nuwamban 2017, daga baya a 2018 ya amince ya biya jihohin Amurka dala miliyan 148. Wannan ya isa amsa ga duk mai cewa tunda ma'ajiyarsa rufaffiya ce babu laifi ya bar sirri a ciki.

Abin da zan ce wa Nura shi ne, mafi kyawun mabuɗi shi ne wanda babu shi. Idan sabarku tana kan AWS, ba kwa buƙatar mabuɗi na dindindin domin ɗora hotuna. A ba wa na'urar kanta matsayi a IAM, wato tsarin raba izini na AWS, ita kuma za ta riƙa karɓar izini na ɗan lokaci wanda ke mutuwa da kansa. Haka GitHub Actions, mai gudanar da gwaji da ɗora kod da kansa, yana iya gabatar da kansa ga AWS ta hanyar OIDC, wata ƙa'idar tantance mai neman izini, ya karɓi izinin da ba ya daɗewa, maimakon a liƙa masa mabuɗi ya shekara a wurin. Sunan da manhaja ke shiga rumbun bayanai da shi kada ya zama na shugaban rumbun, a ba shi karatu da rubutu a inda yake buƙata kawai, kuma a rufe ƙofar rumbun ga duk adireshin da ba na sabarku ba. Mabuɗin gwaji daban, na ainihi daban, kuma na ainihi ba shi da dalilin zama a kwamfutar kowa daga cikinku. Bayan an yi waɗannan, a ajiye ragowar a Parameter Store ko a .env mai tsauraran izini, duk ba zan yi faɗa ba.

A watan Janairun 2023 kamfanin CircleCI, mai gudanar wa kamfanoni gwaji da ɗora kod, ya nemi dukkan abokan cinikinsa su sauya duk wani sirri da suka ajiye a wurinsa, bayan an yi masa kutse. Wanda ke da jerin mabuɗansa a rubuce, ya san inda kowanne ke aiki, aikin yini ɗaya ne a gare shi. Wanda ba shi da jerin kuwa sai ya bi kod layi-layi yana tambayar wane ne ya ƙirƙiri wannan.

Hauwa:
Malamai, ku yi mini afuwa idan tambayata ta ɗan koyo ce. Ni da React nake aiki, wato kayan gina fuskar shafi da ke gudana a burauza, kuma na saka mabuɗina a .env da suna mai farawa da REACT_APP_, na kuma saka fayil ɗin a .gitignore. Ke nan na tsira?

Malama Sa'adatu:
Ƙanwata, tambayarki ta fi ta kowa muhimmanci, kuma amsar ita ce ba ki tsira ba. Duk abin da ya fara da REACT_APP_, ko NEXT_PUBLIC_ a Next.js, ko VITE_ a Vite, ana dasa shi ne a cikin fayilolin da ake aika wa burauzar kowane baƙo, kuma duk wanda ya buɗe kayan binciken burauza zai karanta shi. Haka ma manhajar waya, ana iya warware ta a ga abin da ke ciki. Abin da ya isa hannun mai amfani ya daina zama sirri.

Shi ya sa kamfanonin karɓar kuɗi suke ba da mabuɗi biyu. A Paystack, misali, wanda ya fara da pk an yi shi ne domin a gan shi a burauza, wanda ya fara da sk kuwa ba ya barin saba ko kaɗan, domin da shi ake tabbatar da biya, da shi ake mayar da kuɗi, kuma da shi ake tantance sa hannun saƙon da suke turo wa sabarki cewa an biya. Idan aikin da kike so yana buƙatar na sirrin, sai ki rubuta ƙaramar hanya a sabarki, burauza ta yi magana da ita, ita kuma ta yi magana da kamfanin. Idan mabuɗin da kika ambata na sirri ne kuma shafin ya riga ya hau intanet, to ke ma ki soke shi yau.

Abdulhadi:
Tunda ana tonon silili, bari in faɗi nawa. A wani wuri da na yi aiki, duk kalmomin sirrinmu a zauren WhatsApp na ma'aikata suke, an ma liƙa saƙon a sama domin sauƙin nema. Da wani abokin aikinmu ya bar wurin sai aka cire shi daga zauren, kowa ya kama gabansa, babu wanda ya tuna cewa saƙonnin suna nan a wayarsa. Bai yi mana komai ba, mutumin kirki ne, amma wayar da ke ɗauke da mabuɗin rumbunmu ta ci gaba da yawo a gari ba tare da mun san inda take kwana ba. Yanzu a ma'ajiyar kalmomin sirri ta Bitwarden muke raba irin waɗannan, kowa da nasa shiga, kuma duk ranar da wani ya tafi muna sauya abin da ya taɓa gani, ko da rabuwar arziki aka yi.

Bashir:
Nura, akwai batun da ba a taɓo ba. Tunda kalmar sirrin rumbun bayanai tana cikin abin da ya fita, wajibi ne ka tabbatar ko ana iya isa rumbun daga waje a wannan lokacin. Kalmomin sirrin abokan ciniki da sauƙi, domin Django yana niƙa su ne da wata dabara mai suna PBKDF2 tare da gishiri, wato ƙarin haruffa na daban ga kowane mutum, kuma garin da aka niƙa ba ya komawa tsaba, sai dai mai kutse ya zauna yana gwada zato ɗaya bayan ɗaya. Amma sunaye da lambobin waya da adireshin gida a fili suke a cikin rumbun. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 da sanin duk wata ɓaraka da ke iya cutar da masu bayanan, don haka wannan binciken ba na jira har Litinin ba ne.

Nura:
Na gode, Yaya Bashir, na duba. Ƙofar rumbun a rufe take ga kowane adireshi sai na sabarmu, kuma rajistar shiga ba ta nuna wani baƙo ba a daren jiya. Mun cire mabuɗin AWS gaba ɗaya mun koma ga matsayin IAM kamar yadda Malam Kabiru ya ce, sauran ukun kuma suna Parameter Store. Na kuma saka gitleaks ya riƙa binciken kod kafin kowace turawa, sai na ce bari in bar shi ya bi tsohon tarihinmu tun daga farko kafin in goge. Ya tono wani mabuɗin aika imel da aka rubuta kai tsaye cikin settings.py wata takwas da suka wuce, aka cire shi bayan kwana biyu, kuma da na gwada shi ɗazu yana aiki. A cikinmu uku babu wanda ya tuna da wane adireshin imel aka buɗe wannan asusun, don haka yanzu haka muna neman yadda za mu shiga mu soke shi.